Sani daban, hujja daban: darussa daga teburin neman taimakon shari'a a ƙetare

Duk wanda ya gaji wannan tebur, abin da zai fara tararwa a kabad yarjejeniyoyi ne a jere, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Akwai ta ECOWAS kan taimakon juna a shari'ar laifuka wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1992, da ta miƙa waɗanda ake tuhuma da aka yi a Abuja a 1994, da ta 1984 tsakanin Najeriya da Benin da Togo da Ghana. Ga kuma uwa uba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ta Palermo ta shekarar 2000 kan laifukan gungu masu ƙetare iyaka, wadda ta fara aiki a 2003. Doka dai ba ta yi mana ƙaranci ba. Tunda ina barin teburin, gara in faɗi abin da na ga yana kashe shari'o'i, kuma kusan duka kuskure ɗaya ne yake sauya riga: ɗaukar abin da ɗan sanda ya sani a matsayin abin da alƙali zai karɓa.

Salon kusan kullum ɗaya ne. An kama mutum uku da lodin ƙwaya, ko da 'yan matan da ake shirin ƙetarawa da su. Wayoyinsu sun nuna kuɗi na shiga wani asusu a ƙasar maƙwabta, kuma ubangidansu can yake zaune. Mai bincike yana da aboki a can, sun haɗu a wani kwas, sai ya buga masa waya. Kafin kwana uku hotuna sun fara shigowa ta WhatsApp: shafi shida na bayanan asusu, an ɗauka a karkace, yatsan mai ɗaukar ya rufe kusurwa ɗaya, da jerin lambobin da ubangidan ya kira a wata biyu. Ofis ya ɗau murna. Ƙaramin lauya ya ce, "Yallaɓai, ya kamata mu tura takardar neman taimako tun yanzu, don waɗannan su zo ta hanyar da kotu za ta karɓa." Oga ya ce, "Wace takarda kuma? Ai komai na hannunmu. Ku shigar da ƙara." An shigar, jaridu sun ɗauka, an yi hoto da kayan da aka kama.

Ranar da aka zo miƙa takardun a kotu, lauyan waɗanda ake tuhuma ba ya ko wahalar da kansa wajen cewa ƙarya ne. Tambaya kawai yake yi. Wa ya fitar da wannan takarda daga na'urar banki? Wace na'ura ce, kuma lafiyarta ƙalau a lokacin? Ina takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ce a haɗo da duk abin da ya fito daga kwamfuta? Wa ya ba ɗan sandan waccan ƙasa izinin shiga asusun mutum? Mai binciken da ke cikin akwatin shaida bai taɓa taka bankin ba, wanda ya turo hoton kuwa ba zai zo ba, don shi ma ya san abin da ya yi taimakon zumunci ne, babu umarnin alƙali a bayansa. Idan kuma bayanin ta hukumar tattara bayanan kuɗi ya biyo, irin musayar da ake yi tsakanin NFIU ta Najeriya da CENTIF ta maƙwabta masu Faransanci a ƙarƙashin ƙa'idojin Egmont, ƙungiyar irin waɗannan hukumomi ta duniya, to da sharaɗi ya zo: ba a kai shi kotu sai da amincewar hukumar da ta bayar. Wanda ya karya wannan sharaɗi ya rasa takardar, ya kuma toshe wa ƙasarsa ƙofa.

Daga nan sai a tuna da takardar da aka ce ba a buƙata. A rubuta ta cikin gaggawa, ihu bayan hari. Amma agogo biyu ne ke tafiya, kuma ba gudunsu ɗaya ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a yi shari'a kullum-kullum, in hakan bai yiwu ba kowane ɓangare ɗage zama biyar yake da shi, tazarar ba ta wuce kwana 14 na aiki. Takardar neman taimako kuwa wata shida ba komai ba ne a wurinta. Kafin amsa ta dawo asusun ya zama wayam, tunda shigar da ƙara ya riga ya sanar da ubangidan cewa an gano shi. Kamfanin waya ya goge tsofaffin bayanai. Waɗanda aka kama sun sami beli, ɗaya ya ɓace. Alƙali ya gaji da jin "muna jiran amsa daga ƙetare", ya kori ƙarar. Sannan takardar neman ba'asi ta sauko daga sama, kuma ba teburin wanda ya ce "wace takarda kuma" take sauka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka duk shawarar da ƙaramin ma'aikaci ya bayar kan tura takarda, ya rubuta ta a fayil da kwanan wata, ko da layi biyu ne.

Kada a fahimce ni a karkace: wayar da mai bincike ya buga wa abokinsa ba laifi ba ce, ita ce ma farkon aiki mai kyau. Da ita ake sanin cewa asusun yana nan, a wane banki, da sunan wa, kuma ko akwai abin da ya saura a ciki. Sashe na 18 na yarjejeniyar Palermo da kansa ya yarda hukuma ta miƙa wa takwararta bayani ba tare da an roƙa ba. Amfanin wannan bayani shi ne ya nuna maka abin da za ka roƙa a hukumance. Ranar da hoton ya shigo waya, ranar ya kamata a fara rubuta takardar, kuma a riƙe shigar da ƙara kan ubangidan har a sami umarnin rufe asusun a can.

Rabin kuskuren ke nan. Ɗaya rabin ya fi ciwo, don yana samun wanda ya yi ƙoƙari. An tura takarda a kan lokaci, an amsa, kunshi ya dawo da hatimi da sa hannu, amma kotu ta ƙi shi. Dalili shi ne yankinmu gadon tsarin shari'a biyu yake ɗauke da shi. A Nijar da Mali da Benin da sauran ƙasashe masu bin tsarin Faransa, alƙali mai bincike ne ke riƙe da babban fayil. Shi ke kiran shaida, ya saurare shi, magatakarda ya rubuta, a sa hannu, kuma wannan rubutu hujja ce a cikin fayil. A Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya kuwa, shaida sai ya tsaya a gaban kotu ya yi rantsuwa, lauyan wanda ake tuhuma ya yi masa tambayoyin ƙure. Kundin tsarin mulkin Najeriya a sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma wannan haƙƙi. To idan ka rubuta wa alƙali a Yamai ko Kwatano cewa "a ɗauki bayanin wane" ka tsaya nan, zai yi maka aiki tsaf bisa dokarsa, ya aiko maka da takardar da a kotunka jita-jita ce kawai. Bai yi kuskure ba. Ba ka gaya masa abin da kake so ba.

Sakin layi na 17 na sashe na 18 ɗin nan shi ne wanda ya kamata kowa ya haddace. Ya ce ƙasar da aka roƙa za ta yi aikin bisa dokarta, amma in bai saɓa wa dokar ba, za ta bi hanyar da mai roƙo ya fayyace. Ma'ana sai ka fayyace. Ka rubuta cewa shaida ya yi rantsuwa kafin ya fara magana. A rubuta tambaya da amsa kalma da kalma, kada a taƙaita. A rubuta harshen da ya yi magana da shi, da sunan tafinta, da cewa shi ma ya yi rantsuwa. A karanta masa abin da aka rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowane shafi. In takardun banki ne, ka haɗa samfurin takardar shaidar da kake so jami'in bankin ya cike, an riga an fassara ta, an bar gurbin suna da muƙami da irin na'urar, don babu ma'aikacin banki a wata ƙasa da ya san me sashe na 84 yake nufi, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. In kaya ne, kamar waya ko samfurin ƙwaya, ka roƙi a rubuta sunan duk wanda ya taɓa su daga kamawa zuwa miƙawa, da lambar hatimin jakar. Ka roƙi izinin mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma su halarta. Mafi sauƙi ma, ka roƙi a ji shaidar ta bidiyo kai tsaye, sakin layi na 18 ya tanadi haka, sai dai a gwada layin kwana ɗaya kafin zaman, a kuma daidaita wa zai rantsar da shaida, alƙalin can ko na nan.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Alƙali mai bincike ya saba rubuta wa 'yan sandansa cewa su yi duk abin da zai taimaka gaskiya ta bayyana, kuma a ƙasarsa wannan jimla ta isa. Idan ta iso Abuja ko Accra ba ta buɗe ƙofar kowa. Lauyan gwamnati sai ya je gaban alƙali ya nuna dalili mai ƙarfi kan kowane gida da za a bincika da kowane asusu da za a buɗe, da takardar rantsuwa. In takardar ba ta faɗi me ya haɗa wannan gida da laifin ba, haka za ta kwanta a tire, masu aikowa suna can suna cewa maƙwabta ba sa ba da haɗin kai.

Shi ya sa nake cewa takardar neman taimako ba wa minista ake rubuta ta ba, ko da sunansa ne a sama. Wanda zai karanta ta da gaske wani alƙali ne ko ɗan sanda a wani gari, da fayil ɗari a gabansa, bai san ka ba, bai taɓa jin shari'arka ba. Sakin layi na 15 ya jera abin da dole ya kasance a ciki: hukumar da ke roƙo, irin binciken, taƙaitaccen abin da ya faru, taimakon da ake so da hanyar yin sa, bayanin mutumin da inda yake, da abin da za a yi da hujjar. Taƙaitawar nan shafi biyu ko uku ta isa. Masu kwafe rahoton bincike mai shafi arba'in su liƙa suna ganin sun yi ƙwazo, alhali kuɗin fassara suka ninka, kuma mai karatu ba zai kai shafi na goma ba. Kowane abu da ka roƙa ka ba shi lamba, ka ɗaure shi da wani abu a cikin labarin: asusu kaza, a banki kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, saboda ranar kaza wanda aka kama ya tura kuɗi cikinsa. Ka kwafo nassin dokar da aka karya da hukuncinta, don Palermo tana aiki ne kan laifin da hukuncinsa mafi tsanani ya kai ɗaurin shekara huɗu ko fiye, wanda gungun mutum uku ko fiye suka shirya. In kana son amsa kafin wata rana, faɗi ranar da dalilinta. Kalmar "gaggawa" kaɗai ta mutu, kowa na buga ta. In kana son a yi abin a asirce, faɗa, ka kuma ce a tuntuɓe ka kafin a yi komai in asirin ba zai yiwu ba, domin a wasu ƙasashe banki ko kotu kan sanar da mai asusu. A ƙarshe ka sa lambar waya da imel na wanda ya san fayil ɗin, ba na ofishin oga ba.

Sai batun suna, wanda ya fi ƙarfin raini. Mutum ɗaya ne Usman a wannan gefe, Ousmane a wancan. Yusuf ya zama Issoufou, Abubakar ya zama Aboubacar ko Boubacar, Muhammadu ya zama Mahamadou ko Mamane. Kwamfuta ba ta san zumunci ba, in ka rubuta ɗaya ba za ta kawo maka ɗayan ba, sai amsa ta dawo cewa babu mai wannan suna. Ranar haihuwa ba ta ceto, tunda a takardu da yawa "né vers" ake rubutawa, wato an haife shi wajajen shekara kaza, wasu kuma duk 1 ga Janairu aka ba su. Kuma mutanen da muke nema da laƙabi aka san su, Alhaji wane ko Dogo, kuma sau da yawa katin shaida biyu suke riƙe da shi. Ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan, da sunan uba da na uwa, domin takardun ƙasashen da ke bin tsarin Faransa da sunan uwa suke rarrabe mutane. Ka haɗa hoto, da zanen yatsu in akwai, da lambobin waya. Lambar waya ta fi suna gaskiya.

Fassara kuwa kada a ba wanda ya iya Faransanci kawai. A ba wanda ya san kotu. Kalmar "magistrat" a can ta haɗa alƙali da mai gabatar da ƙara, a nan kuwa majistare alƙalin ƙaramar kotu ne. "Arrêt" hukuncin babbar kotu ne, amma mai fassarar da ya ga ta yi kama da kalmar kame a Turanci zai mayar maka da hukunci ya zama kamu. Laifuka ma a tsarin Faransa hawa uku ne, kuma kowane hawa da kotunsa da wa'adin da tuhuma ke mutuwa. Kafin a buga hatimi, a tura daftarin ga jami'in tuntuɓa na waccan ƙasa ya duba. Wannan shi ne babban amfanin WACAP, hanyar sadarwar masu gabatar da ƙara da ofisoshin tsakiya (masu aikawa da karɓar waɗannan takardu) na Afirka ta Yamma da aka kafa a 2013 da tallafin UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi da laifuka, da kuma dandalin shari'a na ƙasashen Sahel da ya girme ta da shekara uku. Kwana biyu na duba daftari ya fi wata biyar na jiran takardar da za ta dawo da "a gyara". Abin takaici, kujerar taron waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa ba mai rubuta takardun ake ba wa ba. Wanda ya je ya dawo da jaka da katunan mutane a aljihu, katunan kuma ba sa isowa teburin da ake buƙatarsu.

A lissafa teburan da takarda ke bi in aka bi tsohuwar hanya. Daga mai bincike zuwa mai gabatar da ƙara, zuwa ofishin tsakiya a ma'aikatar shari'a, zuwa ma'aikatar harkokin waje, zuwa ofishin jakadanci, zuwa ma'aikatar harkokin wajen can, zuwa ma'aikatar shari'arsu, zuwa babban mai gabatar da ƙara, zuwa na yankin, zuwa alƙali, zuwa ɗan sanda. Tebur goma sha ɗaya, sannan ta juyo ta bi su a dawowa. In kowanne ya riƙe ta mako biyu kacal, wata biyar sun tafi kafin a fara aikin. Sakin layi na 13 ya yarda ofisoshin tsakiya su aika wa juna kai tsaye, sai in ƙasa ta dage kan hanyar diflomasiyya, kuma in akwai gaggawa a bi ta Interpol idan ɓangarorin sun yarda. Ko da dole ce ta sa aka bi doguwar hanya, a tura kwafi ta imel tun ranar farko don su fara shiri. A Najeriya ofishin tsakiya yana ƙarƙashin Antoni Janar na Tarayya, kuma dokar taimakon juna ta 2019 ce ke tafiyar da shi. Takardar da wata hukuma ta aika da kanta ta tsallake shi, komai kyanta, tana iya dawowa.

Miƙa mutum shi kuma agogonsa ya fi kowanne rashin tausayi. Jar sanarwar Interpol ba umarnin kame ba ce, roƙo ne, kowace ƙasa da yadda dokarta ta ɗauke ta. Idan aka yi sa'a aka tsare mutumin na wucin gadi, yarjejeniyar ECOWAS ta 1994 kwana 20 ta bayar cikakkun takardu su iso, in ba haka ba ana iya sakinsa. Kwana 20 ba sa isa a nemo umarnin kame na asali, a tattara hujja, a fassara, a sa hatimi, a sami sa hannun wanda ke tafiye-tafiye. Don haka ƙa'idar ita ce kada a nemi jar sanarwa sai kunshin miƙawa yana cikin kabad a shirye, an fassara shi. Jerin kwanan wata ma abin lura ne. Shari'ar Alex Saab, ɗan kasuwar nan mai alaƙa da gwamnatin Venezuela, ta isa misali: an kama shi a Cape Verde a watan Yunin 2020, kotun ECOWAS ta yanke a watan Maris na 2021 cewa tsarewar ta saɓa wa doka domin jar sanarwar ba ta fito ba sai bayan kamun. An dai miƙa shi ga Amurka a watan Oktoban 2021, amma bayan wata goma sha shida ana fafatawa, kuma ba kowace ƙasa ke da ƙarfin jure wannan ba.

Kafin a ɓata tawada a tambayi abu uku. Na ɗaya, ɗan wace ƙasa ne? Ƙasashe da yawa masu bin tsarin Faransa ba sa miƙa ɗan ƙasarsu. Sashe na 16 na Palermo ya ce wadda ta ƙi miƙawa saboda wannan dalili dole ta kai batun gaban masu gabatar da ƙararta in an nemi haka, don haka wani lokaci abin da ya fi shi ne a haɗa fayil ɗin gaba ɗaya a miƙa musu su yi shari'ar. Na biyu, akwai hukuncin kisa a laifin? In akwai, a shirya ba da tabbacin ba za a zartar ba, daga bakin wanda ke da ikon ba da shi. Na uku, abin laifi ne a can yau? Na ce yau, domin doka na sauyawa. Nijar ta yi dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure a 2015, aka soke ta a watan Nuwamban 2023, saboda haka takardar da aka gina kan wannan laifi kaɗai ƙafarta ta karye. Sai a duba ko abin da mutumin ya aikata ya ƙunshi safarar mutane, ko jabun takardu, ko halatta kuɗin haram. Tramadol ma haka: ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade, kowace ƙasa da dokarta a kansa. Abin da ake kwatantawa shi ne aikin da aka yi, ba sunan da kowace doka ta ba shi ba, don haka a bayyana aikin dalla-dalla. Kuma wanda aka miƙo maka kan laifi ɗaya ba ka da ikon ƙara masa wani tsohon laifi sai ka koma ka nemi izini.

Miƙa mutum hannu da hannu tsakanin 'yan sanda a bakin iyaka yana da sauri, yana kuma da daɗin ba da labari. Lauyansa ma yana jin daɗinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Bayanan intanet a nemi a adana su tun ranar farko, kafin a fara rubuta komai: kamfanonin Amurka suna adanawa kwana 90, ana iya sabuntawa sau ɗaya, yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet kuma, wadda Najeriya ta shiga a 2022, ta tanadi aƙalla kwana 60. Abin da ke cikin saƙonni kuwa sai da umarnin kotun Amurka, kuma ita dalili mai ƙarfi take nema. Kuɗi a rufe su kafin a kama mai su. Sirrin banki ba dalilin ƙin taimako ba ne a ƙarƙashin Palermo, a tuna wa duk wanda ya fake da shi. Dawo da kuɗi aikin shekaru ne: Abacha ya rasu a 1998, amma sai a ƙarshen 2017 aka sa hannu kan dawo da dala miliyan 321 daga Switzerland, wasu fiye da miliyan 300 kuma daga tsibirin Jersey sai a 2020. Hujjar da aka ba ka don shari'a ɗaya ba ta shiga wata sai da izini. Tun da ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, kada a dogara da yarjejeniyar ECOWAS ita kaɗai a takardar da za ta je can. A jera Palermo, da yarjejeniyar Vienna ta 1988 in ƙwaya ce, da alkawarin cewa mu ma za mu yi musu in sun roƙa. Masu son kwatanta mu da Turai, inda umarnin kame na bai ɗaya ke da wa'adin kwana 60, su tuna cewa can alƙali ne ke aika wa alƙali, babu tebur goma sha ɗaya a tsakani.

Takardun da wasu ƙasashe suka aiko mana kuwa, waɗanda ke ƙasan tire saboda babu ogan da zai tambaye su, su ne jarinmu. Jami'in da ka amsa wa tasa cikin wata ɗaya shi zai ɗauki wayarka ran da kake da kwana 20. Ko ba za a iya yin abin da suka roƙa ba, a rubuta musu dalili, yarjejeniyar Palermo ma ta wajabta haka.

Akwai rajista mai baƙin bango a aljihun tebur na biyu. Kowace takarda da layinta: ranar da ta shigo, ranar da aka gama daftari, ranar da ta hau sama neman sa hannu, ranar da ta sauko, ranar da ta fita, da ranar da aka yi tuni, wanda ya kamata ya zama duk kwana 30. Ginshiƙi na uku da na huɗu ba a cikin tsarin ofis suke ba, ni na ƙara su da biro. Wanda ya gaje ni ya ci gaba da cike su, kuma kada ya bar rajistar a kan tebur in zai tashi.